Jarrabawar darasi ta ganin dama wajen neman jami'ar Amurka: AP, sashen kimiyya na ACT, A Level, ko a bar su duka?

Har yanzu akan ji masu ba da shawara suna cewa wanda ke son karatun injiniya a Amurka ya rubuta SAT Subject Test na lissafi da na Fiziks. Wannan shawara ta tsufa. Hukumar College Board ta sanar da soke waɗannan jarrabawowi a watan Janairun 2021, zama na ƙarshe a ƙasashen waje kuma aka yi shi a watan Yunin shekarar. Guda 20 ne a da, kowacce awa ɗaya, maki daga 200 zuwa 800. Duk wanda ya ce zai yi maka rajistarsu yau, kuɗinka kawai zai ci.

Amma tambayar da suka bari tana nan. Ɗalibi yana da sakamakon sakandare, wataƙila ya rubuta SAT ko ACT, wato manyan jarrabawowin shiga jami'ar Amurka, sai ya ga jami'a ta rubuta cewa za ta duba makin jarrabawar wani darasi idan an aiko, ko da yake ba dole ba ne. Ya rubuta ko ya bari? Hanyoyin da suka rage huɗu ne: ya tsaya a kan abin da yake da shi, ya ƙara sashen kimiyya na ACT, ya rubuta AP (Advanced Placement, jarrabawar darasi ta College Board) a darasi ɗaya ko biyu, ko ya shiga A Level na Cambridge.

Ma'aunan da za a auna su da su

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi, shi ne lokaci. Jami'o'in Amurka da yawa suna rufe neman gurbi na wuri a ranar 1 ga Nuwamba, na gama-gari kuma a farkon Janairu zuwa tsakiyarsa. Amsa tana fitowa a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ɗalibi ya faɗi inda ya zaɓa kafin 1 ga Mayu. Makin da ya iso bayan an yanke hukunci ihu ne bayan hari, ko da ya kai maƙura.

Na biyu shi ne giɓin da jarrabawar za ta cike. Mai karanta takardunka yana son amsar tambaya ɗaya: wannan yaro zai iya ɗaukar darussan shekarar farko a fannin da ya nema? Idan takardun makaranta sun riga sun amsa, ƙarin jarrabawa maimaici ne. Idan ba su amsa ba, misali kana neman injiniya amma babu Further Maths a sakamakonka, to akwai wurin da maki zai yi aiki.

Sai kuɗi, wanda bai tsaya a kan rajista ba: akwai mota ko jirgi zuwa cibiya, masauki, littattafai, da malamin lesin. Sai daɗewar amfani, wato ko makin zai ci gaba da yi maka aiki bayan an ba ka gurbi, ko a wata ƙasa idan Amurka ba ta yiwu ba. Sai sauƙin samun cibiya. Na ƙarshe shi ne haɗari: me zai faru idan makin ya fito da rauni, kuma me ka bari a baya domin ka shirya mata?

Kafin ka auna komai, buɗe shafin kowace jami'a da ke cikin jerinka, ka karanta dokarta ta jarrabawa ta wannan shekarar, ba ta bara ba. Sannan ka nemi takardar da ake kira Common Data Set, wadda galibin jami'o'in Amurka ke wallafawa duk shekara. Sashen C7 yana nuna nauyin da suke ba kowane abu, C8 yana bayyana dokar jarrabawa, C9 kuma yana ba da makin ɗaliban da suka shiga ajin farko. Rabin ruɗanin da ɗalibai ke ciki yana warwarewa a waɗannan sassa uku.

Zaɓi na ɗaya: kada ka ƙara komai

Wannan zaɓi ne na gaske, ba gazawa ba. Ba ya cin ko sisi, kuma yana bar maka watanni da za ka zuba a kan abubuwan da kowace jami'a ke dubawa: sakamakon aji na shekaru uku, WAEC ko NECO ko Bakaloriya, rubutun gabatar da kai, wasiƙun malamai, da takardun neman tallafin kuɗi. Jami'o'in da suka saba karɓar ɗaliban Najeriya da Ghana sun san abin da A1 a lissafi ke nufi, kuma ba sa tsammanin ganin AP daga wanda makarantarsa ba ta koyar da shi.

Inda yake da rauni wuri biyu ne. Ɗaya, idan makinka a darasin da kake son karanta ya yi ƙasa, C5 a Kemistiri ga mai neman hanyar likitanci alal misali, babu wani abu a takardunka da zai nuna ka gyara. Biyu, kada a haɗa “ba sai da jarrabawar darasi ba” da “ba sai da SAT ba”. Jami'ar MIT ta dawo da sharaɗin SAT ko ACT a 2022, Dartmouth da Brown da Harvard da Caltech suka bi sahu a 2024. Wanda bai rubuta babbar jarrabawar ba, ita ce gabansa, ba ta darasi ba.

Zaɓi na biyu: sashen kimiyya na ACT

Tun 2025 ACT ta mai da sashen kimiyya na ganin dama. Jimillar maki yanzu daga Turanci da lissafi da karatu ake fitar da ita, makin kimiyya kuma a rubuta shi daban, daga 1 zuwa 36. Tambayoyi 40 ne cikin minti 40, ana yin su bayan sauran sassan uku, kuma ba a amfani da kalkuleta a ciki.

Sunan yana yaudarar mutane. Ba jarrabawar ilimin Bayoloji ko Fiziks ba ce. Za a ba ka jadawali da zanen sakamakon wani gwaji, a ce idan zafi ya ƙaru daga wannan mataki zuwa wancan me ya faru da saurin narkewa, ko a kawo ra'ayoyin masu bincike biyu a ce a ina suka saɓa. Kusan duk amsar tana cikin shafin. Abin da ke kayar da ɗalibai shi ne sauri da gajiya: minti ɗaya ga kowace tambaya, bayan an shafe fiye da awa biyu ana aiki. Wanda ya tsaya karanta kowane bayani daga farko zuwa ƙarshe ba ya gamawa. Waɗanda suka ƙware suna fara duba tambayar, sannan su koma zanen su nemi layin da ake magana a kai.

A cikin Amurka kuɗin ACT dala 68 ne a shekarar 2025 zuwa 2026, sashen kimiyya ya ƙara dala 4. A ƙasashen waje jarrabawar kanta ta haura dala 180, ƙarin na kimiyya kuma kaɗan ne a kanta. Ana yin ta sau da yawa a shekara, sakamako yana fitowa cikin 'yan makonni, don haka zaman Satumba yana riskar wa'adin Nuwamba. Haɗarinta kaɗan ne tunda ba ta taɓa jimillar maki.

Hukunci a nan mai sauƙi ne. Idan dama ACT za ka rubuta kuma fannin kimiyya kake nema, ƙara sashen. Wasu jami'o'i suna neman sa ko suna ba da shawarar a yi shi, kuma ba ka so ka gano haka bayan ka rubuta, ka sake biyan kuɗin jarrabawa gaba ɗaya saboda minti 40. Amma wanda ya riga ya samu maki mai kyau a SAT, bai kamata ya koma ACT saboda wannan sashe kaɗai ba. Da wuya makin ya sa a yafe maka kwas, kuma amfaninsa yana ƙarewa ranar da aka ba ka gurbi.

Zaɓi na uku: AP

Ita ce ta gaji SAT Subject Tests a aikace, kuma ita ce ta fi buƙatar tunani. College Board ce ke shirya ta, a darussa wajen 40, a matakin shekarar farko ta jami'a. Sau ɗaya ake yi a shekara, cikin makonni biyu na watan Mayu. Maki daga 1 zuwa 5 ne, yana fitowa a Yuli. Ba sai ka yi kwas ɗin a makaranta ba, kana iya karantawa da kanka ka zauna.

Ga yadda biyu daga cikinsu suke. A 2025 Calculus AB, wato kalkulos, awa uku da minti 15 ce: tambayoyin zaɓi 45, sai manyan tambayoyi 6 da za ka rubuta aikinka mataki-mataki. Kemistiri ma awa uku da minti 15: tambayoyin zaɓi 60, na rubutu 7. Tun Mayun 2025 galibin jarrabawowin sun koma kwamfuta ta manhajar Bluebook. A lissafi da galibin darussan kimiyya ana amsa na zaɓi a kwamfuta, a rubuta sauran da hannu a takarda. Inda ɗaliban da suka saba da salon WAEC suka fi zubar da maki shi ne ɓangaren rubutu. Ba a wadatuwa da amsar ƙarshe. Za a ce ka kafa hujja, ka faɗi dalilin da ya sa wannan wuri ne mafi tsawo a kan zanen, ko ka bayyana ma'anar amsar da ma'auninta a cikin jimla. Wanda ya rubuta lamba daidai ba tare da dalili ba yana iya tashi da maki ɗaya cikin uku. Maganin shi ne tsofaffin tambayoyin rubutu da College Board ke wallafawa kyauta tare da ƙa'idojin ba da maki. A yi su da agogo, a yi wa kai maki da tsanani.

Kuɗin kowace jarrabawa a wajen Amurka dala 129 ne a 2025, kuma makarantar da ta karɓe ka tana iya ɗora nata kuɗin kulawa. Wa'adin da makaranta za ta yi odar jarrabawarka tsakiyar Nuwamba ne. Bayan nan akwai tarar dala 40 har zuwa tsakiyar Maris, wanda ya fasa bayan wa'adin shi ma dala 40 ke tafiya.

Samun wurin zama ne babbar wahala. Ba a yin rajistar AP kai-tsaye a intanet kamar SAT. Sai ka nemi makarantar da aka amince ta gudanar da ita, ka yi magana da jami'in da ke kula da AP a can, ya yarda ya karɓi ɗan waje, ya ba ka lambar shiga da za ka sa a asusunka na College Board. Babu abin da ya tilasta musu karɓarka. A yankinmu irin waɗannan makarantu 'yan kaɗan ne, galibi na ƙasa da ƙasa a manyan birane irin Abuja da Legas da Accra. Mai zaune a Katsina ko Maraɗi ya lissafa tafiya da kwana, kuma idan darussa biyu ne suna iya faɗowa a makonni daban-daban. A fara nema tun Satumba.

Yanzu ga batun da ya fi komai. Ɗalibin da ke ajin ƙarshe, ya tura takardunsa a Nuwamba ko Janairu, idan ya rubuta AP a Mayu mai zuwa makin zai fito a Yuli, wata uku bayan an gama ɗaukar ɗalibai. Ba zai taimaka masa wajen samun gurbi ba ko kaɗan. Ƙari a kan haka, watan Mayu tsakiyar WAEC ne, kuma ana fitowa daga UTME ke nan. AP tana aiki wajen neman gurbi ne kawai ga mutum biyu: wanda ya rubuta ta a Mayun SS2, da wanda ya gama sakandare yana da shekara guda a hannu kafin ya nema. Na farkon yana nufin ya yanke shawara tun zangon farko na SS2, kuma ya yi gaba da manhajar ajinsa da kansa, domin a makarantu da yawa ba a kai ga kalkulos ba a lokacin.

To me ya sa ake wahalar? Saboda ita ce ta fi daɗewa tana biya. Jami'o'i da dama, musamman na jihohi, suna yafe kwas ga mai maki 3 zuwa sama, masu tsauri kuma sai 4 ko 5. Kwas ɗaya da aka yafe ya ninka dala 129 sau da yawa. Ba duka ke yi ba: Dartmouth ba ta ƙirga AP a cikin kwasa-kwasan kammala digiri, sai dai ta sa ka a aji na gaba. Wajen neman gurbi ma tana da ƙofofi na musamman. A 2024 Yale ta sanar da cewa za ta karɓi AP ko IB (International Baccalaureate, jarrabawar kammala sakandare ta ƙasa da ƙasa) a madadin SAT da ACT, da sharaɗin a nuna sakamakon duk waɗanda aka rubuta. Caltech, wadda ke son ganin kalkulos da Kemistiri da Fiziks, ta ce tun 2023 wanda makarantarsa ba ta koyar da ɗaya daga ciki ba yana iya cike gurbin da maki 5 a AP. Jami'o'in California na gwamnati ba sa duban SAT ko ACT sam, amma ana iya rubuta musu makin AP. Haka kuma jami'o'in Kanada da Birtaniya sun san ta.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a yanzu. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta taƙaita shigar 'yan wasu ƙasashe ciki har da Chadi da Sudan, a Disamba kuma ta faɗaɗa matakin har ya shafi Nijar da Najeriya. Duk wanda zai kashe kuɗi a kan jarrabawa ya fara duba halin da bizar ɗalibai ke ciki ga fasfonsa, ya kuma fifita makin da zai yi masa aiki a fiye da ƙasa ɗaya.

Haɗarin maki mara kyau yana da sauƙi a mafi yawan wurare, domin kai ne ke rubuta makin da kake so a fom, kuma akwai hanyar ɓoye ko soke sakamako a wajen College Board. Ƙa'idar da masu ba da shawara suka fi bi ita ce a nuna 4 da 5, a duba matsayin jami'a kafin a nuna 3, a bar 1 da 2. Asarar gaske ita ce babu gyara sai baɗi.

A zaɓi darasin da ya dace da fannin da ake nema. Ɗan Nijar ko Kamaru da ya yi karatunsa da Faransanci zai iya cin 5 a AP na Faransanci cikin sauƙi, kuma yana iya sa a yafe masa kwas ɗin harshe, amma ba zai nuna wa sashen injiniya komai ba. Biyu masu kyau a fanninka sun fi biyar da aka warwatsa.

Zaɓi na huɗu: A Level na Cambridge

Wannan ba jarrabawar da ake ƙarawa a gefe ba ce, karatu ne na shekara ɗaya zuwa biyu, a darussa uku galibi. Ana zama a Mayu da Yuni ko a Oktoba da Nuwamba, sakamako ya fito a Agusta ko Janairu, daraja daga A* zuwa E. A Najeriya ana rajista ta makarantun da ke koyar da shi ko ta British Council. Darussan kimiyya suna da takardar gwaji a ɗakin bincike, don haka karatun gida kaɗai ba ya isa. Shi ne mafi tsada idan an haɗa da kuɗin makaranta, kuma shi ne mafi ƙarfi: Birtaniya tana ɗaukar ɗalibi da shi kai-tsaye, jami'o'in Amurka da yawa suna yafe kwas saboda shi, a gida ma ana shiga aji biyu da shi ta hanyar Direct Entry. Wanda Amurka kaɗai ya sa a gaba, kuma WAEC ɗinsa ta yi kyau, bai buƙatar sa.

| | Kuɗi | Lokacin zama da sakamako | Samun cibiya | Daɗewar amfani | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ba ƙari | Babu | Babu jira | Babu | Babu ƙari | Giɓi ya zauna yadda yake |
| Kimiyyar ACT | Ƙari kaɗan a kan kuɗin ACT | Sau da yawa a shekara, sakamako cikin makonni | Duk inda ake ACT | Neman gurbi kawai | Kaɗan, ba ta shiga jimilla |
| AP | Dala 129 kowace a 2025, ban da tafiya | Mayu, sakamako a Yuli | Da wuya, sai makaranta ta yarda | Gurbi, yafe kwas, wasu ƙasashe | Karo da WAEC, babu gyara sai baɗi |
| A Level | Mafi tsada | Sau biyu a shekara, sakamako a Agusta ko Janairu | Makarantu da British Council | Mafi faɗi, har a gida | Shekara ɗaya zuwa biyu |

Wa ya dace da wanne

Idan kana SS3 kuma wannan shekarar za ka nema, bar AP. Zuba ƙarfinka a kan SAT ko ACT da WAEC. In ACT ka zaɓa kuma kimiyya kake so, haɗa da sashen kimiyyar tun zaman farko. AP a Mayun ajin ƙarshe tana da dalili ɗaya tak: ka riga ka samu gurbi, ka duba jadawalin jami'ar ka ga tana yafe kwas da makin, kuma ranar ba ta ci karo da takardar WAEC ba.

Idan kana farkon SS2, kana da ƙarfi a lissafi, kana hangen jami'o'i masu tsananin gasa, kuma akwai cibiyar da iyayenka za su iya kai ka, ɗauki AP ɗaya ko biyu. Kafin ka biya, yi cikakken gwaji ɗaya da agogo a watan Oktoba. Idan ka kasa taɓa rabin tambayoyin rubutu kuma babu malamin da zai bi ka har Mayu, ajiye kuɗin.

Wanda ya gama sakandare yana zaune shekara guda shi ne AP ta fi yi wa rana, musamman idan akwai darasin da ya fito da rauni a WAEC ko wanda makarantarsa ba ta koyar ba. Ya yi oda a Nuwamba, ya zauna a Mayu, makin ya iso a Yuli, ya shiga takardun Nuwamba mai zuwa.

Wanda bai tsayar da ƙasa ɗaya ba, yana duban Birtaniya da Kanada da jami'ar gida a lokaci guda, kuma gidansu za su iya ɗaukar nauyin shekara ɗaya ko biyu, A Level ne nasa.

Wanda kuma cikakken tallafin karatu yake nema, kuɗin hannunsa bai wuce na jarrabawa ɗaya ba, ya sa shi a kan SAT ko ACT, abin da ya rage ya ajiye don fasfo da kuɗin tura takardu. Ofisoshin EducationUSA da ke Abuja da Legas da Accra da Yamai suna ba da shawara a kan jerin jami'o'i, kuma zama ɗaya da su kafin a biya kowace rajista yana iya nuna cewa babu ko ɗaya a jerinka da ke neman jarrabawar darasi.